Inna, Cikin Ummi Ba Ciki Ba Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na rubuto ne in ba ki labarin takwararki Ummi, jikar da kika bari tana rarrafe.

Tana shekara goma sha bakwai, ba ta yi aure ba, cikinta ya fara tashi. Cikin 'yan makonni siket ya ƙi shiga, mara na murɗa mata ta gefe ɗaya, loma biyu ta ce ta ƙoshi. Mai kemis na bakin lungu ya gwada fitsarinta, ya ce juna biyu ne. Kin san cikin birni, Inna. Kafin la'asar labari ya kai har Kufena, can bayan gari. Ƙaninki Baba Tanimu ya daina amsa gaisuwarta.

Ke ce kike cewa gani ya kori ji. Na ja hannunta muka tafi babban asibiti, aka yi hoto. Likita ta nuna min ƙari a gidan ƙwanta na hagu. Ta ce wani irin ciwon daji ne mai tasowa daga ƙwayoyin da ke zama ƙwai, ya fi kama 'yan mata, kuma wani lokaci yakan fitar da sinadarin da gwajin ciki ke nema.

Inna, da aka ce daji ne sai na ji sanyi a raina. Uwa ta yi hamdala 'yarta na da daji! Unguwarmu ce ta kai ni nan, kuma har yau ban huce ba.

Aka yi tiyata aka cire na hagu, aka bar mata na dama da mahaifa. Ruwan maganin da aka riƙa ƙara mata ya zubar da gashinta kaf, ta ce ai ta huta da zaman kitso. Likita ta ce irin wannan yana jin magani idan an zo da wuri. Ya kuwa ji. Har yanzu muna zuwa gwajin jini, kullum lafiya lau.

Bara ta yi aure. Jiya aka yi sunan ɗanta, da kin ga kumatu. Baba Tanimu ya zo janye da rago, idonsa a ƙasa. Ummi ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi ta amsawa kamar mai ramuwar salla. Ita ta yafe, halinki ta ɗauko. Ni kuwa yau da ake rabon nama, kason da ya fi ƙashi na aika masa.

Allah ya haskaka makwancinki, ya raya mana yaron, ya ƙara wa Ummi lafiya. Ni ma ya sanyaya min zuciya, amma ba sai yau ba.

'Yarki mai kewarki,
Binta