Ruwan Batir a Haƙorin Muhsina

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Wa ya taɓa leƙa bakin yaro a gefen Tiga ya rubuta abin da ya gani? Wa? Na ƙarar da datata kan wani rahoto da ya tattara binciken haƙoran yara na duniya. Amurka, Birazil, Indiya, Turkiyya. Na Najeriya ɗan kaɗan, galibi daga kudu. Bebeji ko a kuskure. Ga Muhsina, 'yar Yaya Ubale, shekara biyar, kwana uku tana riƙe da kunci.

Alhamis, 10 ga Yuli
Na ce a kai ta asibiti. Yaya ya ce, "Haƙorin yarinta ne, faɗuwa zai yi. Kai dai da bokonka na waya." Ya buɗe tsohon batirin sola, ya ɗiga ruwan a auduga, ya cusa a kogon. Wai tsutsa ake kashewa, haka aka yi masa yana ƙarami. Ihun da ta yi.

Asabar, 12 ga Yuli
Dasashi ya yi fari kamar dafaffen kifi. Ba ta ci. Idon hagu ya rufe.

Talata, 15 ga Yuli
Kano. An cire mata haƙora uku. Likita ta ce haƙoran girma da ke ƙarƙashi, sai yadda Allah ya yi. Ta tambaya, "Wa ya riƙe ta aka zuba?" Yaya ya sunkuyar da kai. Uwar yarinyar, Zuwaira, ta dube ni.
Ni na riƙe hannuwanta. Ranar Alhamis ban rubuta wannan ba.

Laraba, 23 ga Yuli
Muhsina ta sha koko rabin kofi. Da na shiga, ta koma bayan uwarta.
Likita na so ta rubuta abin da ya faru a mujallarsu, ba suna, ba fuska. Yaya ya ce ba mai kai kunyarsa duniya. Tun azahar nake lallashinsa, ban ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ni mai saurin fushin nan. Da la'asar ya dangwala yatsa a takardar amincewa.
To, za a buga da Turanci, a karanta a Birazil. Madalla. Gidan maƙwabcinmu Dikko ma akwai batir, akwai yaro mai kuka da haƙori. Gobe zan shiga, ko ya kore ni. Amma masu rubutun nan, ɗayanku ya zo ranar kasuwa, ya tsaya gaban mutane ya faɗa mana da Hausa: wa kuke rubuta wa?