Jinina na Cikin Firiza

Inna,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe mini da ƙannena, har da sarkin gudun wanke-wanke.

Ni lafiyata ƙalau. Ramar da kika gani a hoto laifin kyamara ne, ko dai in ce rabinta.

Kin ce har yau ba ki gane aikina ba. Jinin mutane muke ajiyewa a firiza, lokaci-lokaci mu ciro mu auna ko maiƙon cikinsa ya lalace. Maiƙon nan daga abincin da mutum yake ci yake samuwa. Da na fara aiki, ban daɗe da barin gida ba, an rasa mai ba da jinin gwaji, sai na miƙa hannuna.

Jiya muka auna tsohon jinin tare da sabo da aka ɗiba a jikina. Na firiza yana nan yadda yake. Sabon kuwa, maiƙonsa ya canza har sai da shugabarmu ta ce, "Kin tabbata mutum ɗaya ne?" Ita murna take, wai sanyi ya yi aikinsa. Ni na rasa abin da ke mini daɗi. Ashe girkinki a firiza ya rage, a jikina ya ƙare.

An gama bincike, an ce in zubar da tsofaffin kwalabe. Na zubar da na kowa, nawa na tura shi can ƙuryar firiza. Ban san ko laifi na yi ba.

Ki sa ni a addu'a. Kuma Inna, in na dawo, za ki gane ni kuwa?

'Yarki