Kada Ka Dawo Ƙungiyarmu

Zuwa ga Anselmo, ruwan farko a kan gonar masara, iskar yamma mai kaɗa labulen ɗakina ta wuce ba sallama, tsuntsun da bai taɓa kwana biyu a reshe guda ba, hasken idona wanda har yau bai san shi ne hasken ba.

Ina gaishe ka gaisuwar da na kasa yi da baki. Da fatan ka isa jihar Dakota lafiya, kuma gidan da aka sauke ka sun san ba ka cin ƙwai sai ya soyu sosai.

A littattafan da nake karantawa, idan za a raba masoya, yaƙi ne ke tashi, ko teku ta haɗiye jirgi. Ni kuwa kocin ƙungiyar besbol ta garinmu ne ya raba ni da nawa, da waya a kunne, yana taunar burodi. Baba ne ya kawo labarin wurin karin kumallo: "An ba da yaronmu ga wata ƙungiya." Mama ta ajiye cokali ta ce, "Da wa aka musanya shi?" Ya ce, "Da ɗan wasan da za a faɗi sunansa nan gaba." Ka ji fa, ya farin watana! An ba da kai saboda wani da ko sunansa ba a zaɓa ba tukuna. Ni da na cika bayan littattafaina da sunanka, ga masu ƙwallon besbol sun sayar da kai a kan gurbi.

Ban ga laifinsu sosai ba, aikinka ke nan tun kafin in san ka. Mai tsaron zango na biyu a filin wasa ya ji ciwo, a kira Anselmo. Na zango na uku matarsa ta haihu, a kira Anselmo. Shekararka ashirin da huɗu, amma ka sa rigunan garuruwan da ni ban taɓa gani ba ko a taswira, kuma babu wadda aka ɗinka wa sunanka a baya. Kai ne ruwan da ake zubawa duk inda ƙasa ta tsage. Shin ba wanda ya taɓa tambayar ruwan inda yake so ya kwanta?

Kana tuna ranar da ka zo? Misis Halvorsen, mai rarraba 'yan wasa a gidajen mutanen gari, ta zaunar da mu a falo, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Yaron da ya kwana ƙarƙashin rufinku ɗanku ne. 'Yarku ƙanwarsa ce. Wanda ya manta, yaron ya bar ƙungiya, gidan kuma ba zai sake karɓar ɗan wasa ba." Baba, wanda yake saukar 'yan wasa tun kafin a haife ni, ya yi dariya ya ce, "Maren? Ai wannan sai mazan cikin littafi." Kai ma ka yi dariya. Daga ranar ka fara kirana ƙanwata, kuma ka riƙe kalmar da hannu biyu, kamar yadda kake riƙe ƙwallo mai tsalle. Ban taɓa ganin ta kuɓuce maka ba. Na yi ta jira.

Sai yammacin nan a bayan gida, masara ta fi mutum tsayi, kana shafa mai a safar hannunka ta fata da kake cafe ƙwallo da ita. Kowa a garin nan ya san ɗan tsaron zango ba ya bari wani ya sa hannu a safarsa. Baba ya taɓa miƙa hannu, ka ce, "Tsoho, ka ɗauki motata, da ina da ita, amma ban da wannan." Ni kuwa ka miƙo mini ita ka ce, "Gwada, ƙanwata." Na zura hannuna. Ɗumin tafinka yana ciki. Yatsuna suka ɓace a wuraren da naka suka yi shekaru suna haƙawa, ƙamshin fata da jar ƙasa ya cika mini ƙirji, na ji kamar dukan tsuntsayen jiharmu ta Iowa sun tashi lokaci guda. Me na ce maka? Na ce, "Tana da nauyi." Shekara goma sha tara ina haddace kalaman masoya, ranar da aka zo jarrabawa abin da na iya ke nan.

Na sani, wataƙila igiyar takalminka kake son ɗaurewa, ka rasa inda za ka ajiye ta. Na auna wannan ma. Amma ga benci a gefenka, Anselmo. Bencin ba kowa a kai.

Ranar tafiyarka Mama ta cika maka jaka da wainar masara irin ta garinku, wadda ka koya mata kuma har yau take ƙonawa. Baba ya rungume ka. Ni na tsaya bayan littafi na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar mai sallamar mai gyaran famfo. Sai da motar ta sha kwana na gane abin da koci ya yi mini ba da saninsa ba: ka daina kwana ƙarƙashin rufinmu. Ba ni da wa a Dakota. Nisan da ya ɗauke ka shi ne ya buɗe mini baki, ga ni kuma ina faɗa: ina son ka, son da ba na ƙanwa ba, tun masara tana ƙasa da gwiwa.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Jiya Baba ya dawo daga fili fuska a sake. Ya ce gwiwar mai tsaron zango na biyu na ƙungiyarmu ta ƙi warkewa, kuma a harkar nan an taɓa ganin ƙungiya ta rasa wanda za ta bayar, ta mayar da mutumin da aka ba ta. "Ku gyara ɗakin ƙasa," in ji shi, "ƙila a biya mu Anselmo da Anselmo." Mama har ta wanke zanin gado. Duk gidan murna suke yi. Ni kaɗai nake addu'ar akasin haka.

Don haka ina roƙonka abin da ba mace a littafi da ta taɓa roƙon masoyinta. Kada ka dawo. Ka tare kowace ƙwallo, ka faɗi a ƙasa, ka ɓata wando, ka daki wadda za ta tsallake katanga, kai da ba ka saba ba. Ka yi wasan da mutanen Dakota za su ji kunyar mayar da kai. Idan suka dawo da kai cikin rigar ƙungiyarmu, zan miƙa maka gishiri a tebur har ƙarshen kakar wasa, in amsa ƙanwata, in mutu a hankali cikin ladabi.

Amma idan kakar wasa ta ƙare, aka nannaɗe filaye, ganye ya yi ja, ka zama ba ɗan kowa ba, to ka zo da rigarka ta kanka. Misis Halvorsen ba ta da doka a kan baƙo.

Ko an kai ka gari goma bayan wannan, ni ba a musanya ni, kuma ba wanda za a faɗi sunansa nan gaba.

Taka, mai fatan kada ta gan ka da wuri,

Maren