Kano ko Abuja, In Ji Matar

Laraba da dare, Tiga

Sati uku ke nan da na janye takardata ta neman aiki a ofishin Legas na kamfanin nan mai ba 'yan kasuwa shawara, don ba zan iya barin Baba da ciwon ƙafarsa ba. Na ma haƙura.

Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na rubuta musu ko za su duba ni a wani ofishin. Yau da la'asar, ina taya Baba gyaran komar kamun kifi a bakin dam, wata mata daga kamfanin ta kira. Wai in zo ganawa ran Litinin. Har da tambayata, Kano nake so ko Abuja?

Da na faɗa wa Baba, sai ya ajiye komar.

"Wato tambayarka suka yi inda kake so ka zauna?"

"E, Baba."

"Ikon Allah! Mu da za a yi dam ɗin nan, mota kawai aka kawo aka kwashe mu." Ya nuna tsakiyar ruwan da haɓa. "Gidanmu yana can."

Shekara nawa ina wanka a ruwan nan, sai yau na san wurin.