Kwarmin da Inna Ke Bi

Badarawa, Kaduna
Maris, 1977

Zuwa ga Yayana Bello,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, tare da addu'ar wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya tsare mana kai a bakin tekun nan na Fatakwal, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau muke. Matata Dije ta warke daga zazzaɓin da ta yi, har faɗanta ya dawo cif. Ƙanwarmu Hajara ta zo daga Rigasa da jaririnta, yaro ya yi ɓul-ɓul, sai dai kunnuwan ubansa ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri.

Na san maganar Inna kake jira. Ka dai san tun da yanar ido ta rufe mata gani ta daina fitowa tsakar gida. Na sassaƙa mata sanda mai kyau, ta ce ita ba za ta riƙe sanda a gidan ɗanta kamar mai fita bara ba. Dije ta ce to ta riƙa kama mata hannu, Inna ta ce ita ba akuya ba ce da za a riƙa ja. Haka ta zauna a ɗaki, matar da a da ko tsinke ya faɗi a gidan nan sai ta san wanda ya yar. Daga baya ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye a bakin gado, ta ce kafin damina ta sauka in mai da ita ƙauye, inda ƙafarta ta san ƙasa. Yaya, kai ma ka san gidan nan na ƙauye: katanga ta zube, ba kowa sai ƙadangaru. Wallahi duk lokacin da na ga ƙunshin nan sai in kau da kai.

To, ka tuna injin gyaran bakin katako da ka aiko mini bara, wanda muke ce wa rauta? A cikin haƙoran da suka zo da shi akwai guda mai zagayayyen baki. In ka ɗaura shi ka bi gefen katako, sai ya fafe kwarmi sumul, kamar an ja yatsa a kan ɗanyen yumɓu. Yana da hali irin na Dije, ba ya son gaggawa: in ka danna masa ya ci da yawa lokaci guda sai ya ƙona itacen ya bar baƙi, sai ka bi shi kaɗan-kaɗan. Da shi nake yi wa kabad da gadajen amare ado, har matan unguwa sun fara cewa in ba mai kwarmi ba ba sa so.

Ran nan na kwaso guntayen madaci daga shago don a hura wuta, na zube su kusa da ƙofar Inna. Da la'asar na leƙa gaishe ta, sai na same ta da guntu ɗaya a cinya, tana bin kwarmin da yatsa, ta kai ƙarshe ta dawo, ta sake komawa. Ta tambaye ni mene ne wannan mai santsi haka, na ce ado ne na kabad ɗin amarya. Ta ce amaren yanzu sun huta. Ni kuwa na tsaya ina kallon yadda yatsanta ya zauna a ciki daram, kamar da shi aka gwada. Ko sallama ban yi mata ba na koma shago.

Na tsaga dogayen katako, na fafe musu kwarmi a gefen sama, na goge har sai da na shafa a kumatuna ban ji ƙaiƙayi ba. Na kafa su a jikin bango tun daga ƙofar Inna, suka bi ta gaban ɗakinmu, suka wuce randa da madafa, har bayi. Duk inda akwai dokin ƙofa ko tudu, sai in tsayar da kwarmin kafin a kai, yadda yatsa zai yi karo da ƙarshensa, mutum ya san ya ɗaga ƙafa. Da farko ma da tsawona na gwada. Dije ta fito ta riƙe ƙugu ta tambaye ni ko raƙumi nake yi wa, ta tuna mini Inna ko kafaɗata ba ta kai ba. Haka na cire ƙusoshin nan duka na sauko da katakon, tana tsaye tana ba ni umarni kamar ita ta koya mini kafintanci. Muka yi shawara kada kowa ya ce don Inna aka yi. Da Inna ta ji bugun guduma ta tambaya, na ce ado nake yi wa gida irin na mutanen birni. Ta ce lallai abin ya yi mini yawa, bango ma sai an yi masa kwalliya.

Aka kwana biyu ba ta taɓa shi ba, har na fara cire rai. Sai ranar Juma'a, na dawo daga masallaci, tun daga zaure na jiyo muryarta a madafa. Na leƙa, ga Inna a tsaye, hannu ɗaya a kan katako, tana gaya wa Dije daddawar miyan nan ta yi kaɗan, tun daga ɗaki hancinta ya gaya mata. Dije na juya miya tana amsa to, to, hawaye na zubo mata. Ni ma sai na koma zaure na zauna, don kada su ji ni.

Washegari Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce adon nan nawa bai yi laifi ba, sai dai mai shi bai iya gama aiki ba, don ya tsaya a bayi kamar nan ne iyakar duniya. Ta ce in ado ne na gaske, ya kamata ya bi ta zaure ya zagaya katanga har ƙofar ƙawarta Indo, maƙwabciyarmu. Na ce za a yi. Sai ta yi murmushi ta ce kada in ɗauka ba ta sani ba, ita ta haife ni. Sannan ta tura ƙunshin nan da ƙafa, ta ce a kira Dije ta kwance, zannuwanta za su yi wari.

Saboda haka ga roƙona: haƙorin nan ya fara dakushewa, in ka samu irinsa ka aiko mini, don daga nan zuwa gidan Indo akwai tafiya. Inna, da yake har yau ba ta kama sunanka na ɗan fari, ta ce in gaya wa mutumin bakin teku in ya zo hutu kada ya yi sallama a ƙofar ɗaki, ita za ta fito zaure ta tarye shi da ƙafarta.

Ka gaishe mini da Yaya Mariya, da Habiba, da Hassan sarkin ƙiriniya. Dije da Hajara suna gaishe ku ƙwarai. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Ila Kafinta