Bokitan Ruwan Sha da na Makewayi a Layi Ɗaya

Daga:
Madina 'yar Hammajoda,
Shugabar mata masu shara da wanke-wanke,
Ƙofar Ran, Bauchi.

Litinin, 26 ga Satumba, 1960.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Duba-gari,
Garin Bauchi.

Yallaɓai,

GAME DA: CAKUƊA BOKITAN ƊIBAN RUWAN SHA DA NA MAKEWAYI A MASAUKIN MALAM BAKARI DA KE BAKIN TASHAR MOTA

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ina neman izinin kawo kuka gabanka. A yi haƙuri da rubutuna. Da furfurata na koye shi, ni kaɗai, don kada in riƙa kai sirrin sana'ata wurin masu rubuta wasiƙa a bakin kasuwa. A kuma gafarce ni a kan kalmomin da za su biyo baya, don ba irin waɗanda tsohuwa ke faɗa gaban manya ba ne. Na nemi wasu masu tsabta ban samu ba.

1. Tun ranin 1958 ni da matan da ke aiki a ƙarƙashina muke kula da masaukin Malam Bakari, inda fatake da direbobi ke sauka. Mu ke share ɗakuna, mu wanke kwanuka, mu cika randunan ruwan sha daga rijiya. Bokitan da muke aiki da su nawa ne, da kuɗin adashe na saye su a kanti, kowanne na ɗaura masa jan zare a mariƙi. Ina da ɗan littafina na lissafi, abin da ya shigo gefe guda, abin da ya fita gefe guda, kayan aiki kuma a shafin baya. A can na rubuta su da sunansu: bokitin ruwa.

2. A watan Fabrairun bana Malam Bakari ya tafi aikin Hajji ta ƙasa, har yau bai dawo ba, Allah ya dawo da shi lafiya. Ya bar masaukin a hannun akawunsa, Malam Hammadu. A watan Yuli akawun ya ce duk kayan da ke aiki a gidan sai an shigar da su babban littafin gidan, su kuma riƙa kwana a sito. Ban yi musu ba, har na ji daɗi, don matan nan sun huta da ɗaukar kaya safe da yamma. Na roƙe shi ya rubuta kamar yadda na rubuta. Sai ya rubuta "bokiti" kawai, ya haɗa adadin nawa da na makewayin gidan a layi ɗaya, wai shafi ya fi kyan gani haka, kuma jimla ta fi saurin fita. A lokacin na ɗauka maganar takarda ce, a takarda za ta tsaya.

3. Ranar Laraba 31 ga Agusta da yamma, bayan mun tashi aiki, ya yi ƙidayar kaya ta ƙarshen wata. Ya sa aka tattaro duk wani bokiti da ke gidan, har waɗanda ke ƙarƙashin makewayi, aka ɗauraye su, aka yanke jan zarena wai yana hana fenti kamawa, aka shafe su duka da baƙin fenti ta waje, aka jera su wani cikin wani. Yallaɓai, wani cikin wani. Washegari aka miƙo mana daga saman jerin, muka karɓa muna yaba sabon fenti, har ina sa masa albarka.

4. Ranar Asabar 3 ga Satumba, Amos, wanda ke kwashe makewayin gidan da asuba, ya zo ƙofar gidanmu. Ya ƙi shiga zaure, ya tsaya yana murza hularsa, sai da na yi ta lallashinsa kafin ya iya magana. Ya ce akwai bokitinsa ɗaya mai lotsawa a gindi, ya san shi kamar tafin hannunsa, kuma ya gan shi a kan Liatu tana nufar randa da shi. Liatu ita ce mataimakiyata, mace mai tsabtar da ko tsintsiyarta wanke ta take yi. Ban yarda nan take ba. Na je na tafasa ruwa, na zuba a bokitan ɗaya bayan ɗaya, na sunkuya a kan tururin. Abin da hancina ya ji ba zan sa shi a takardar da za ta shiga ofishinka ba. Na yi renon 'ya'ya, na yi na jikoki, na yi jinyar tsofaffi har ƙarshensu, ban taɓa fita da gudu in yi amai a bayan katanga ba sai ran nan. Liatu ta zauna a ƙasa tana goge kanta da toka. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne wani tsoho bafatake da ya sha ruwan har moɗa biyu, ya yi mata addu'a.

A ranar muka zubar da ruwan randunan duka, muka wanke su da toka da ruwan zafi, muka turara su da wuta.

5. Ranar Litinin 5 ga Satumba na sami Malam Hammadu a ofishinsa, cikin ladabi, duk da cewa na girmi mahaifiyarsa. Ya buɗe littafi ya nuna mini cewa adadi ya cika, ko ɗaya bai ɓata ba, don haka shi bai ga matsala ba. Ya ce abin da aka wanke ya wanku. Na roƙe shi ya raba layin gida biyu, ya ce ya riga ya ja layin rufe wata da jan tawada, in ya soke wani abu maigida zai dawo ya zaci an yi sata. Na ce to a sayo sababbi, ya ce babu gurbin wannan a lissafin bana. Duk wannan magana da muke yi, a bayan kujerarsa akwai wani ɗan tulu da ban taɓa gani ba. Na tambaya a waje, aka ce tun farkon watan daga gidansa ake kawo masa ruwan sha. Wannan tulun, Yallaɓai, ya fi warin tada mini zuciya.

6. Muka ƙi taɓa bokitan. Muka zo da tuluna da ƙore daga gidajenmu muna ɗiban ruwa da su, wahala ninki biyu, ba mu nemi ƙarin ko kwabo ba. Ya ce kayan da ba su cikin littafi ba su da izinin shiga gidan. Na ce ya shigar da su, ya ce sai sabuwar shekara. Ranar 19 ga Satumba ya sallame mu. Ya kuma bi tasha yana cewa matan tsohuwar nan ƙazamai ne, ga ƙiwa, shi ya sa ya kore su. Ya zuwa yau gidaje biyu na ma'aikata a unguwar Ɗan Iya, inda muka daɗe muna wanki da shara, sun aiko cewa mu dakata tukuna. Mai sana'ar tsabta in aka kira ta ƙazama, me ya rage mata? Yawancin matan nan su ke ciyar da gidajensu.

7. Akawun ya ɗauko wasu mata daga ƙauyen Inkil, bayin Allah, ba su san komai ba. Na aika musu da gaskiyar magana, ya ce musu ƙyashi ne don an karɓe mini aiki. Yanzu haka da waɗannan bokitan suke cika randuna. Kuma kowace asuba Amos na karɓar nasa daga jeri ɗaya, ya yi aikinsa, ya ɗauraye, ya mayar. Wanda ya kwana a makewayi jiya, yau yana iya zuwa rijiya.

8. Kamar yadda Yallaɓai ya fi kowa sani, ranar Asabar mai zuwa, 1 ga Oktoba, ake bikin samun mulkin kai. An riga an kama duk ɗakunan masaukin. Na kuma ji daga bakin masu dafa abincin gidan cewa 'yan makarantar da za a kawo daga ƙauyuka don yin fareti, a tsakar gidan za a sauke su tun daren Juma'a. Yara ne, za su wuni a rana, su dawo a guje su faɗa wa randa.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon Mai Girma:

(a) Ya zo da kansa ko ya turo wakili kafin ranar Juma'a 30 ga wata. A zo da ruwan zafi, don da ruwan sanyi ba a jin komai.

(b) A huda gindin bokitan nan duka, har da nawa, don yanzu ba wanda ya isa ya rantse wanne ne wanne. Ba na neman a biya ni. Na yafe su, ko kyauta aka mayar mini ba za su ƙetare ƙofar gidana ba.

(c) A umarci akawun ya ba bokitin ruwa layinsa, na makewayi layinsa, kowanne da launin fentinsa da wurin kwanansa.

(d) A kare Amos, kada a raba shi da abincinsa don ya faɗi gaskiya. Da ya yi shiru ba wanda zai tuhume shi.

(e) In bincike ya nuna gaskiyarmu, a faɗa a tasha, inda aka ɓata mu.

Ni mai bin doka ce, ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma ba na son ranar farin cikin ƙasa ta zama ranar da za a ji muryata. Amma ina sanar da Yallaɓai tun yanzu, don kada a ce na yi abu a ɓoye: in Juma'a ta yi ba a zo ba, zan ɗauki tabarmata in shimfiɗa a ƙofar masaukin, a kan hanyar kowa, Liatu na gefena da tulunan ruwa daga gidana. Duk yaron da ya zo shiga zan ba shi ya sha ya ƙoshi, duk babban da ya tambaye ni dalili zan gaya masa. In wannan laifi ne, a nan dogari zai same ni, ba sai ya sha wahalar nema ba.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai imani da tsawon rai, ya sa mu ga wannan biki lafiya.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Madina 'yar Hammajoda

Shaida: Liatu Zakka (ta dangwala yatsa)