In Wayar Ta Yi Kuka Ƙarfe Huɗu, Ki Ƙyale Ta

Kaka, ke uwar iyayi,

Mai haɗa waya ya zo bayan fitarki. Ya kafa akwatin intanet a saman kanta, wayar shago da injin faks kuma ya ɗora su a layi ɗaya. Wai ya yi mini bayani. Ƙila ya yi, amma lokacin hankalina na kan labarin mai askin tsallaken titi, da aka ja wa layi biyu, guda kawai matarsa ta sani.

To, ga ɓarnar. Sau uku wayar na kuka, ina ɗauka sai tsuwa a kunne, ko sallama babu. Na ce a je a koyo tarbiyya, na kife. Ashe shugabar makaranta ce ke turo miki awon kayan ɗalibai, ɗaukar da nake yi ke katse takardar. Da ta kira da bakinta na ba ta haƙuri. Ta ce za ta sake turowa ƙarfe huɗu, in bai shiga ba, ta kai ɗinkin wani wuri.

Ki sa farar takarda a injin, ki bar wayar ta yi kukanta. Ki yafe wa jikarki.

Na tafi wajen ƙanwata sai magariba. Na san halina, ba a ƙera wayar da za ta yi kuka a gabana in naɗe hannu ba.